Dan Allah me kuke dafawa da daddare? Kuɗin cefane ya daina kaiwa

Uwar Biyar

Assalamu alaikum yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wajen manya da masu gidan yawa. Mu takwas ne a gida, ni da maigida da yara biyar sai ƙanwarsa dake karatu a wajenmu, muna nan Kano wajen Rijiyar Zaki. Maigidan malamin makaranta ne, wlh yana iya bakin ƙoƙarinsa bance baya yi ba, in anyi albashi yana sawo shinkafa da taliya da mai, sauran kuma kullum da safe zai ajiye min kuɗin cefane kafin ya fita, to tunda aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin nan ya daina kaiwa, ya ɗan ƙara amma ƙarin bai taka kara ya karya ba, kafin in sai tumatir da attaruhu da albasa da magi wajen mai kayan miyan layinmu in bada markaɗe shikenan kuɗi sun tafi, nama kam sai dai muji ƙamshinsa a maƙota.

Na rana ina lallaɓawa dan rabin yaran suna makaranta, na daren ne yake cazan kai. Shinkafar bata kaiwa ashirin ga wata, taliya leda uku nake zubawa kuma basa ƙoshi, in nayi tuwo miyar kuka babban yace shi ya ƙoshi, autar kuma ta dinga birgima sai indomie, uban ya tausaya ya aika kanti a ciyo bashi. Ga gas kamar ana zuƙe shi. Me kuke dafawa daga Asabar zuwa Juma'a? Ya kuke miya tayi daɗi ba nama? Ni dai abin ya isheni, kullum la'asar tayi gabana faɗuwa yake.

Hajiya Babba, Zariya

Wa alaikumus salam. 'Yata kwantar da hankalinki, ba yau farau ba. Mu munga tsuke bakin aljihu na zamanin Shagari, munga na Babangida, munga lokacin Abacha da kalanzir ya ɓace har aka fito da murhun nan na garin katako da ake kira da sunansa, duk da tuwo muka raini yaranmu kuma gasu nan sun zama mutane. Zan faɗa miki magana ɗaya ko ba zata miki daɗi ba, gidan mutum takwas ba a riƙe shi da shinkafa dare da rana. Shinkafa ta rana ce, ko ranar Juma'a, ko in anyi baƙi. Dare na tuwo ne. Kwanon masara in kin tuƙa zaku ci da daddare ya kwana ayi ɗumame da safe, kin huta da biredi da madara kenan, kwanon shinkafa kuwa zama ɗaya yaran nan zasu tashi da shi su kalle ki.

Kuma ki sani yaro ba tuwo yake ƙi ba, miya yake ƙi. Ku yaran yanzu sai ku ɗora ruwa ku jefa magi biyar ku kaɗa kuka ku sauke, miya na ta ƙarnin ɗanyar daddawa, ni kaina ba zan sha ba balle yaro. Ga yadda zaki yi. Ki samu daddawa mai kyau ki daka ta da citta da masoro da kanumfari kaɗan da busasshen tattasai da barkono, ki daka da yawa ki zuba a gwangwani mai murfi ki ajiye. In zaki yi miya tun la'asar sakaliya ki ɗora ruwa, ki zuba cokali biyu na dakan nan da jajjagen albasa, ki surfa wake gwangwanin madara ɗaya ki cire bawon ki ɗan daddaka shi ki zuba, ki barshi yayi ta dahuwa har waken ya narke ki daina ganinsa, warin daddawar ya mutu ƙamshi ya tashi. Waken nan shi ke ba miya jiki, wanda bai sani ba zai rantse da nama aka yi. In da ɗan canji ki aika wajen mahauci ya fasa miki ƙashi mai ɓargo, ko ki daka busasshen kifi har ƙayarsa ki zuba. Sai kin rage wuta sannan ki kaɗa kuka da maburgi kaɗan kaɗan, ba'a juye ta gaba ɗaya. A ƙarshe ki soya albasa a manja ko man shanu in akwai ki kwarara a kai. Ki kira babban naki ki gani ko zai ce ya ƙoshi.

Sannan kar ki maida kuka ta kullum. Yau kuka, gobe busasshiyar kuɓewa, jibi karkashi, gata zogale da gyaɗa, ranar da kika ga kabewa da araha kiyi taushe da alayyahu da yakuwa. Da damina kuma Allah Ya hore, ga ɗanyar kuɓewa ga ayoyo ga rama ga tafasa, wasu ma a bayan gida suke fitowa ba wanda ya shuka. Tuwon ɗaya ne amma bakin yara zai ji kamar an canza abinci.

Maganar garin tuwo kuma, ku daina sayen ƙulli ƙulli a kanti, asara ce. A sai masara a kai surfe, ki bakace, ki wanke ki jiƙa ta kwana, ki tsane ki shanya, in za'a kai niƙa ki jefa busasshen rogo kaɗan a ciki, tuwon zai yi danƙo yayi santsi ba wanda zai tambaye ki semo. Kuma ba abin da ake zubarwa a masara. Tsakin da ya rage a rariya na fate ne da dambu, dusar ki ba kaji ko ki saida ma masu awaki, ƙanzon gindin tukunya ki kankare ki shanya ki tara, ranar da gida ba komai ki jiƙa shi ki kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir ɗaya da ɗan mai, jikokina faɗa suke a kansa.

Ita kuma autar ki barta tayi kukanta, ba yaron da yunwa ta kashe ga abinci a gabansa. Ki samu babansu a ɗaki ki faɗa masa cikin ladabi ya daina aikawa kanti, shi ke ɓata miki aiki.

Maman Tagwaye

Hajiya ta gama magana wlh, Allah Ya ƙara girma. Ni abin da zan ƙara shine inda kuɗinki yake zurarewa, wato mai kayan miyan layi. Ba laifinsa bane shima sarowa yayi ya ɗora ribarsa da kuɗin mota, amma ke da kike Kano kina sayen tumatir kashi kashi kullum ai ke ake ci. Ki lallaɓa Abban yara ya dinga haɗa miki kuɗin sati a dunƙule, ki samu maƙota biyu ko uku ku haɗa ku aika mutum ɗaya kasuwar Yankaba da sassafe ya ɗauko kwando ku raba, kuɗin adaidaita ma a raba shi. Mu haka muke a layinmu nan Hotoro, kuma hatsi kasuwar Dawanau ake zuwa da kaka, daga Nuwamba zuwa Disamba lokacin da sabon amfani ya shigo, da kuɗin adashe muke yi, ni kullum ina roƙon uwar adashe ta sa min kwasata a wannan lokacin, wasu suna son tasu gab da sallah saboda ɗinki ni kam buhun masara da rabin buhun wake sun fi min leshi.

Tumatir kuma lokacinsa ne dashi. Daga Janairu zuwa Maris in na rani ya fito daga Kadawa da Kura da Kwanar Gafan har rasa mai saye ake, amma daga Mayu zuwa Yuli sai kiga guda huɗu an ce miki kuɗin da zaki riƙe baki, kin tuna 2016 da tsutsar nan sharon ta cinye gonaki ai har masu kuɗi sai da suka koma na gwangwani. To lokacin arahar zaki yi kauɗarki da kanki, ki yanka shi biyu ki barbaɗa gishiri kaɗan ki baza a buhu mai tsafta a sama inda kaji da awaki basa kaiwa, ki rufa tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙura, in ya bushe ƙayau ki ɗaure a leda ki sa a bokiti mai murfi. Tattasai da attaruhu da kuɓewa ma haka. Ta kasuwa ƙasa ce fal a ciki shi yasa mutane suke cewa kauɗa bata da daɗi. In zaki yi amfani da ita ki wanke da ruwan ɗumi sau biyu ko uku, ki tafasa da albasa mai yawa sannan a markaɗa, ki soya sosai, busasshen tattasan shi zai baki jan kala. In ɗanye yayi tsada kuma kin samu na kaɗan, ki dafa kabewa ko karas ki haɗa a markaɗen, miyar zata yi kauri tayi auki kuma tsamin ya ragu ba sai kin sa kanwa ba.

Nama kuma watanda. Mutum goma ko ashirin ku haɗa kuɗi a sai sa a yanka a kasa, kowa ya samu tsoka da ƙashi da kayan ciki da ganda. Tunda wutar nepa ba abin dogaro bace ni soye nawa nake tas in zuba a roba, kullum in ɗauki yanka uku huɗu in daka a turmi in watsa a miya, kowa zai ji nama a bakinsa ba wanda zai ce an ba wane babba. Kitsen in narkar in yi kakiɗe, cokali ɗaya a miyar kuka ko kuɓewa ya wadatar.

Nawa tsarin ba wani abu bane, tuwo sau huɗu a sati, ranar Laraba fate ko dambu, Juma'a shinkafa da miya ko dafa-duka, Lahadi kuma abin da yara suka zaɓa in dai baifi ƙarfina ba, yawanci ɗan wake suke cewa ko taliyar murji da manja da yaji.

Magidanci Daga Kaduna

Salam. Ku yi hakuri na shigo zancen iyaye mata, madam ce ta nuna min a wayarta nace bari in sa baki. Yar uwa mijinki ba shi kadai bane, kowa a cikin wannan halin yake. Litar mai da muke saye kasa da naira 200 muka wayi gari ta haura 500 a tsakiyar 2023 kuma bata tsaya nan ba, komai da ake dauka a mota sai da ya tashi. An maida mafi karancin albashi dubu 70 a 2024 amma ki lissafa kudin haya da makaranta da asibiti da mota ki ga me ya rage na ciki. Wallahi wani lokacin mutum yana ajiye kudin cefanen nan ne ya fita da sauri dan kar a hada ido.

Ni abin da ya taimake ni, na daina bada na kullum. Muna da abokin aiki dan Saminaka, da kaka muke hada masa kudi ya sawo mana masara can, in an kawo in kai nika da kaina, daddawa da kuka da kubewa da barkono in saya na wata, sai ya zama abin da ake nema kullum bai wuce albasa da ganye ba. Ko ranar da aljihu ba ko sisi za'a dora tukunya.

Amma gaskiya biyu zan fada. Ta farko tamu ce maza, da yawanmu sai mu bar gida da kudin da bai isa ba mu kuma in mun taso mu zauna wajen mai shayi a soya mana indomie biyu da kwai uku a hada shayi mai kauri, ko mu tsaya wajen mai tsire mu ci mu goge baki mu shigo gida muna wash yau gari ba dadi, in ka lissafa abin da ka ci kai kadai ya kai cefanen gidan gaba daya, wannan ba adalci bane. Ta biyu taku ce, ku rage kallon girke girken TikTok din nan, mace ta ga wata ta zuba kaza biyu da kayan kamshi kala goma sai ta raina tukunyarta ta fara fushi da miji, alhali waccan din talla take yi.

Maman Tagwaye

Ta farkon dai Allah Ya maka albarka malam, dama a samu mai bugawa a manna a kowane teburin mai shayi. Ta biyun kuma a bar mu mu kalla, kallo ai kyauta ne, datar ma da kuɗin kitsonmu muke saye. Ni a can na koyi haɗa kabewa a markaɗe.

Baiwar Allah

Hmm. Duk shawarwarin nan masu kyau ne amma na masu albashi ne gaskiya. Mu namu maigidan adaidaita yake ja kuma ba tasa bace, sai ya cire balas na mai ita ya sha mai sannan abin da ya rage ya kawo, wani lokacin sai bayan isha'i. Ina muka ga kuɗin buhu ina muka ga na watanda? Da gwangwani muke awo. To ga yadda ni nake yi ko akwai irina da suke karantawa sunyi shiru.

Bana cefane da safe, da yamma lis nake aika yaro lokacin da mai kayan miya yake son tashi, alayyahu da yakuwa sun fara laushi baya son su kwana, abin da zai baka na ɗari da safe da yamma ninki zai baka har da gyara. Kuma bana miyar tumatir sai dai jajjage. Abincin da baya cin kayan miya shi na riƙe, garau-garau da mai da yaji, in wake ya fi shinkafa araha in rinjayar da waken in shinkafa ta fi in rinjayar da ita. Ɗan wake, garin wake da na rogo da kuka cokali biyu da ruwan kanwa, ki kwaɓa ki jefa a tafasasshen ruwa, in ya taso sama ya ɗan ƙara ki tsame a ruwan sanyi, mai da yaji da albasa, yaro in yaci wannan sai dai ya nemi ruwa ya kwanta. Fate kuma shine sarkin auki, tsaki gwangwani uku da yakuwa da alayyahu da gauta da dakakkiyar gyaɗa da lawashi zai cika tukunyar da mutum takwas zasu ci su ƙara, ranar da na samu dankalin hausa ko makani da araha shima fate nake da manja. Yajin ki ne kawai zaki gyara, ƙuli-ƙuli da barkono da citta da tafarnuwa da gishiri, in yaji yayi daɗi ko gayan tuwo aka samu da mai za'a ci.

Maganar gas kuma ni na daɗe da jingine silinda, gawayi nake. Wake tun safe nake jiƙa shi dan kar ya ci wuta. In shinkafa da wake ko dambu ko wake zalla nake, da ya tafasa sosai ya ɗauko dahuwa sai in sauke tukunyar da murfinta in naɗe ta da tsohon bargo in cusa a kwali in rufe, in tafi harkata, bayan awa ɗaya ko biyu in buɗe ya ƙarasa da kansa kuma da zafinsa har maigida ya dawo. In na gama girki bana barin garwashi ya cinye, a tsohon gwangwanin madara babba nake juyewa in rufe ya mutu gobe in ƙara da shi. Sai asusu, kullum ko hamsin ce in jefa, da ita nake sayen kuka da daddawa na sati biyu.

'Yar Maraɗi

Sallama gare ku 'yan uwa na Najeriya. Mu ma nan mun sha tamu, lokacin da anka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024 kaya sunka yi tsada ƙwarai dan Maraɗi da Katsina da Kano kusan kasuwa guda ce. Ni mamaki nike in naji ana cewa ɗiya ba su cin tuwo, mu nan tuwon hatsi da miyar guro (kuɓewa) ko kuka ko malohiya (ayoyo) shi ne cimakar dare, in an samu shinkafa ranar murna ce. Kuma ba dole sai an ɗora tukunya kowane dare ba, lokacin zafi hura da nono mukan dama mai kauri kowa ya sha ya kwanta, gero tiya (kwano) guda na kai mu nesa.

Ki gwada dambu da zogala mai yawa, zogalar ta fi tsakin yawa, ki turara ki zuba albasa da tonka (barkono) da mai da ƙuli, mu har baƙi muna ba. Ko ki dafa zogalar ita ɗai ki kwaɗa da tigadige, wato niƙaƙƙiyar gyaɗa. Akwai kuma beruwa da mutanen Dogon Dutsi ka yi da garin wake, an turara an shanya, tana shekara ba ta lalace ba, in kin tashi ki jiƙa ki turara minti kaɗan ki sa mai da yaji, ba ta cin wuta ko kaɗan. Albasa kuma da yake ta Galmi kusa gare mu take, lokacin da ta yi araha mukan yanka mu shanya, ganyen ma a daka a dunƙula a shanya shi ne gabu, in albasa ta yi tsada da damana shi muke sa ma miya kuma ƙamshinsa ya fi na ɗanya ƙarfi in an soya shi cikin mai.

Anti Nas

Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in ɗan sa baki ta ɓangarenmu dan muna ganin yaran da ake kawowa. Abincin da aka lissafa a sama wlh yafi indomie da taliya gina jiki nesa ba kusa ba, hatsi in ya haɗu da wake ko gyaɗa ko daddawa yana cike gurbin nama sosai, kuka da zogale kuma ba abin rainawa bane. Ku ƙara da waken suya, yana cikin mafi araha a kayan gina jiki, kiyi awara da kanki ki soya ki jefa a miya ko jajjage a madadin nama, ko ki soya waken sama sama ki cire bawon a haɗa a niƙan tuwo ko na kunun yara.

Hajiya ki gafarce ni a wuri ɗaya, surfen nan da ake yi masara tayi fari tas ana wanke ta ana jiƙawa, amfanin da yawa yana bin dusa ne, kaji ke morewa. A dinga surfawa sama sama, ko a dinga sirkawa da tuwon dawa ko gero. Kanwa ma a rage, tana sa wake saurin dahuwa amma tana kashe wasu sinadaran abincin, jiƙawar da Baiwar Allah ta faɗa ta fi. Magi kuma kusan rabinsa ko fiye gishiri ne, Hukumar Lafiya ta Duniya cewa tayi babba kar ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya kenan, mu kuwa a tukunya ɗaya ga dunƙule shida ga farin magi ga gishiri, shi yasa hawan jini yayi yawa har a matasan mata. In daddawarki ta dahu biyu ma sun isa.

Abu biyu ne nake roƙo kar araha ta ja ku. Masara ko gyaɗar da tayi funfuna ko ta canza kala a tsince a zubar, akwai guba a ciki da ake kira afulatoksin, tana lalata hanta tana hana yaro girma kuma dahuwa bata kashe ta. Haka tumatir, wanda ya fashe kawai ba komai a wanke a dafa, amma wanda ya ruɓe yayi farin gashi a barshi. Na biyu masu ajiye wake kar a zuba masa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari, a shanya shi ya bushe sosai a cika jarka mai tsafta har baki a toshe yadda iska ba zata shiga ba, ko a sai buhun nan na PICS mai leda biyu a ciki, ƙwarin da kansu zasu mutu. Ɗumame kuma a tabbatar ya tafasa har cikinsa, musamman lokacin zafi, kuma shinkafar da ta kwana a buɗe ta fara yauƙi kar a ba yara.

Uwar Biyar

Kai jama'a nagode nagode, Allah Ya saka da alkhairi Ya rufa mana asiri baki ɗaya. Hajiya jiya nayi miyar yadda kika ce da waken, babban nawa malmala biyu ya tashi da ita yana wani basarwa, autar dai tayi birgimarta ta gaji ta ci loma huɗu tayi bacci. Na nuna wa Abbansu maganar Magidanci yayi dariya yace shi ba ruwansa da mai shayi, amma ya yarda daga sabon wata zai dinga bani na sati. Tambaya ɗaya ta rage, rogon nan nawa ake sawa a kwanon masara? Kuma kukar tawa ta ɗan yi gudaji duk da na rage wuta.

Hajiya Babba, Zariya

Kwano ɗaya ki sa masa kamar cikin tafin hannu biyu na busasshen rogo, in ya wuce haka tuwon zai yi ta bin muciya ya ƙi kwasuwa. Ki duba rogon ya zama fari mai ƙamshi ba mai baƙi baƙi ba. Gudaji kuma kukarki ce ta sha iska, ki tankaɗe ta da rariya mai laushi kafin ki kaɗa, hannun hagu na barbaɗawa na dama na burgawa kar ki tsaya. In duk da haka tana miki gardama ki dama ta da ɗan mai a kofi tukun sannan ki juye. Nas na ji maganarki, amma tuwon da ba'a surfa ba sai ki zo ki ba jikokina da kanki.